Awara a kan gasasshen burodi ta cancanci zama karin kumallo a gidajenmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abinci da babu wanda bai san shi ba a Maradi, amma kaɗan ne suke ba shi matsayin da ya dace da shi, wato awara. Ana yawan rubutu a kan tsadar hatsi da ta nama, kuma daidai ne a yi, sai dai ba a cika tattauna abin da uwa za ta ba ɗanta da safe kafin ya tafi makaranta ba, a ranar da kuɗin cefane ba su kai na ƙwai ba, balle na nama. Ni malamar makarantar firamare ce, kuma na san yanayin yaron da ya shigo aji babu komai a cikinsa sai ruwan shayi da guntun burodi, domin kafin hantsi ya yi ƙarfi za ka ga ya kifa kai a kan tebur, abin da ake koyarwa ba ya shiga. Shawarata ita ce a riƙa ɗora wa wannan guntun burodin awara, a dagargaza ta da albasa da tumatir da attarugu, a gasa burodin, sai ya zama abincin da zai riƙe yaro da babba har azahar.

Mun saba ganin awara da yamma a bakin titi, ana tuyarta a kasko, ana barbaɗa mata yaji, ƴan mata da yara suna saye ta dala biyar ko ta dala goma. Wannan ya sa magidanta da yawa suke kallonta a matsayin kayan kwaɗayi, wasu ma suna jin nauyin a gan su da ita. To amma duk wanda ya duba abin da aka yi ta da shi zai sake tunani. Busasshen waken suya yana ɗauke da furotin, wato sinadarin da ke gina jiki, kimanin kashi 36 zuwa 40 cikin ɗari na nauyinsa, da mai kimanin kashi 20, alhali wakenmu na gida, wanda shi ma abinci ne mai daraja, bai cika wuce kashi 25 ba. Akwai kuma wani abu da ya sa haɗa ta da burodi ya fi cin kowannensu shi kaɗai amfani. Furotin ɗin alkama, kamar na gero da dawa da masara, yana da ƙarancin wani ɓangare da jiki ba ya iya ƙera wa kansa, wanda masana ke kira laisin, shi kuwa waken suya yana da shi a wadace, saboda haka idan suka haɗu a ciki ɗaya sai wannan ya cike giɓin wancan. Iyayenmu da suke dafa wake da shinkafa a tukunya ɗaya sun daɗe da bin wannan hanya tun kafin a zo da bayaninta a littafi.

Wannan magana tana da nauyi a jiharmu fiye da wurare da yawa. Duk wanda ya kai shekarun hankali a 2005 yana tune da yadda cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika a Maradi, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubun-dubatar yara a ƙasar nan cikin shekara guda, kuma abin takaici a lokacin shi ne kasuwanni ba su rasa abinci ba, kuɗin saye ne ya gagari talaka. Har yau jihar da ake kira cibiyar kasuwancin Nijar tana cikin waɗanda matsalar rashin abinci mai gina jiki ta fi addabar yaransu. A irin wannan hali, bai kamata mu raina duk wani abinci mai araha da ke gina jiki ba.

Asalin awara daga ƙasar Sin take, inda aka ambace ta a rubuce fiye da shekara dubu da suka wuce, daga nan ta bazu zuwa Japan da Koriya da sauran ƙasashen gabashin Asiya. Mu kuwa ta Najeriya ta iso mana, bayan da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta dage wajen koya wa jama'a sarrafa waken suya a shekarun 1980. Matan Hausa ne suka mayar da ita tamu, suka riƙa haɗa madarar waken da ruwan tsami na gasara ko na tsamiya, suka zuba mata attarugu da albasa tun kafin a matse. A Turai da Amurka mutanen da suka bar cin nama da ƙwai don ra'ayin kansu suna dagargaza ta su soya da kayan yaji su ɗora a kan gasasshen burodi, su ci da safe. Ba ina kiran kowa ya bar nama ba ne. Nama halal ne, ni'ima ce ta Allah, kuma garin da ya yi suna da jar akuya ba za a zo a hana shi tsire da kilishi ba. Abin da nake cewa shi ne, gidaje da yawa a nan suna shafe kwanaki ba su ɗora tukunyar nama ba, ba don sun zaɓi haka ba, kuma irin waɗannan gidaje sun fi kowa cancantar su san cewa akwai girkin da babu nama a cikinsa amma ba na “da babu gara ba daɗi” ba ne.

Ga yadda ake yinsa. Abu na farko shi ne a samu ɗanyar awara, fara, wadda ba a soya ba. Masu yin awara suna sayar da ita idan aka je gida aka tambaya kafin su fara tuya, kuma ta fi soyayyiya araha tun da ba a kashe mata mai da itace ba. A sa ta a ƙyalle mai tsabta a ƙara matse ta da hannu, domin idan da sauran ruwa a jikinta za ta dahu ne a kasko maimakon ta soyu, kuma kayan ƙamshi ba za su kama ta ba. Sai a dagargaza ta da yatsu, kada a mayar da ita gari, a bar ta gutsi-gutsi yadda za a ji ta a baki. A ɗora kasko a zuba man gyaɗa cokali biyu, wanda ya isa awarar mutum uku ko huɗu, a yanka albasa mai yawa a zuba. Albasar Galmi ta fi dacewa saboda ƙarfin ƙamshinta, kuma ya kamata a yi haƙuri da ita a wuta har ta yi laushi ta fara ja, domin a nan ne zaƙin girkin yake fitowa. Daga nan a sa dakakkiyar tafarnuwa da ƴar citta, a juya kaɗan, a zuba jajjagen attarugu da tattasai da tumatir, a bari ruwan tumatir ɗin ya tsotse har mai ya fara fitowa a gefe.

A wannan gaɓa ce nake ganin girkin yake samun hannun Bahaushiya ko ya rasa shi. Awara ba ta da ɗanɗano mai ƙarfi na kanta, abin da aka ba ta shi take ɗauka, saboda haka masu gaggawa suke cika ta da dunƙulen ɗanɗano. Ni na fi son a daka ƴar daddawa, ta kalwa ko ta batso, a zuba cikin jajjagen tun yana wuta, domin ita ce ke ba shi nauyin da mutum yake nema a miyar nama, kuma idan an sa ta gishiri kaɗan ma ya wadatar. Wanda yake son launin ya yi kama da na soyayyen ƙwai sai ya sa kurkum a bakin cokali. Bayan haka a juye awarar a ciki, a juya sosai har ko'ina ya kama, a bar ta ta ɗan kama ƙasan kasko kafin a sake juyawa, domin wannan ɗan jan da take yi shi ne daɗinta. Idan akwai dafaffen zogale, wanda lambunan Jiratawa da na bakin gulbi ba su bar mu muka rasa shi ba, a watsa tafi ɗaya a ƙarshe. Bayan an sauke a matsa lemun tsami. Duka aikin bai wuce minti goma sha biyar ba idan an yi jajjagen tun da dare, kuma gawayin da zai ci bai kai na ɗumamen tuwo ba.

Yaji kuwa gwargwadon masu ci ne. Na yara a rage attarugu a ƙara tattasai, musamman busasshen tattasan Diffa da aka daka, wanda ke ba da launi da ƙamshi ba tare da raɗaɗi ba. Manya sai kowa ya barbaɗa yajin ƙuli a nasa.

Sai batun burodi. Dogon burodin da muka gada daga zamanin Faransawa yana da daɗi da safiyar da aka gasa shi, amma idan ya kwana sai ya bushe ya yi tauri, wasu gidajen har su ba dabbobi. Gashi yana dawo da shi, domin zafi yana sassauta sitacin da ya ƙame a cikinsa. Ba a buƙatar na'urar lantarki, a tsaga shi biyu a tsaye, idan ya bushe ƙwarai a yayyafa masa ruwa kaɗan, a kifa shi a kan busasshen kasko mai zafi ko a kan waya bisa garwashi har fuskarsa ta yi ja. Amfanin gashin bai tsaya ga daɗi ba, domin gasasshen burodi yana ɗaukar awarar ba tare da ya jiƙe ya saɓule a hannun yaro ba. Kada a bari ya ƙone ya yi baƙi, kuma burodin da ya fara fumfuna a zubar da shi, wuta ba ta gyara shi.

Na san za a ce burodi ba amfanin gonarmu ba ne, kuma gaskiya ne. Kusan duk fulawar da gidajen burodinmu ke aiki da ita daga waje ake shigo da ita, shi ya sa yaƙin da ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a 2022, ƙasashe biyu da ke cikin manyan masu fitar da alkama a duniya, ya taɓa farashinta har a nahiyarmu. Wanda ya ɗora wannan awara a kan masar gero ko dafaffen dankali ko rogo ya yi daidai, wataƙila ma ya fi. Na tsaya a kan burodi ne saboda shi ne abin da ɗalibi da ɗan kabu-kabu da leburan kasuwa suka riga suka saba saye da safe, kuma gyara abin da mutane suke ci ya fi sauƙi a kan raba su da shi.

Wajibi ne kuma in faɗi inda ake kuskure, domin awarar da ba a kula da ita ba tana iya cutarwa. Ɗanyen waken suya yana ɗauke da sinadaran da ke hana ciki narkar da furotin, kuma tafasa ce ke kashe su, saboda haka mai yin awara ta bar madarar ta tafasa sosai kafin ta zuba ruwan tsami, kada tsadar itace ta sa ta yi gaggawa. Wasu suna haɗa ta da alif don ta yi saurin dunƙulewa ta yi yawa, alhali ruwan tsami da tsamiya da lemun tsami suna yin aikin, kuma su abinci ne da muka sani. Ɗanyar awara ba ta jure zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, wadda aka yi da safe tana iya lalacewa kafin dare, saboda haka wanda ba shi da firji, ko yake da shi amma wuta ba ta tsayawa, ya saya daidai ta ranar, ya ajiye ta cikin ruwa mai tsabta a inuwa, idan kuma ta fara yauƙi ko warinta ya sauya kada ya yi tausayin kuɗinsa. Man da ake maimaita tuya da shi har ya yi baƙi yana da illa ga jiki, kuma ɗaya daga cikin dalilan da suka sa na fi son wannan girki a kan awarar da ake nutsarwa a mai shi ne cokali biyu sun ishe shi. Game da gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, ga shi kuwa burodi kansa da gishirinsa yake zuwa. Haka nan ya kamata a daina zuba abinci mai zafi a baƙar leda ko a naɗe shi a tsohuwar takarda mai tawada.

Akwai wani abu da ya shafi mata da yara musamman, waɗanda ƙarancin jini ya fi damu. Awara tana da sinadarin ƙarfe da jiki ke buƙata wajen yin jini, amma irin na tsirrai ne wanda ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama. Tumatir da tattasai da lemun tsami suna taimaka masa ya shiga, shayi mai kauri kuwa yana tare shi. Don haka ya fi kyau a jinkirta shayin kamar awa ɗaya bayan an ci, ko a ba yara kunu a madadinsa. Sannan awara ba ta da bitamin B12, wanda ake samu a nama da kifi da ƙwai da nono, saboda haka ba za ta maye gurbinsu gaba ɗaya ba, kuma furar da aka dama da nono tana nan da matsayinta. Jariri da bai kai wata shida ba nonon uwa kaɗai ne abincinsa, madarar waken suya ba ta zama madadinsa. Akwai kuma ƴan tsirarun mutane da jikinsu ba ya karɓar waken suya, wanda ya ga ƙuraje ko kumburi bayan ya ci sai ya dakata ya ga likita.

Ba zan tsallake jita-jitar da ke yawo a majalisun maza ba, cewa wai awara tana rage wa namiji ƙarfi. Tushen maganar shi ne waken suya yana da wasu sinadarai da suka yi kama da sinadarin jikin mata a siffa. To amma masana sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan maza suka duba su gaba ɗaya a 2010, aka sake yin haka da ƙarin gwaje-gwaje a 2021, kuma duka biyun ba su ga cewa cin waken suya yana rage sinadarin mazakuta ba. Abin yana damuna ne domin idan maigida ya ƙi abu, da wuya ya ba da kuɗin sayensa, sai yara su yi asarar abinci mai amfani saboda maganar da ba ta da tushe.

Kirana na farko ga masu shayi ne. Kowace safiya tebur ɗinsu a tasha da bakin babbar kasuwa da ƙofar makarantu cike yake, kuma abin da suke da shi na sawa a burodi bai wuce ƙwai da bota da mayonis ba, wanda kuɗinsa bai kai na ƙwai ba sai ya ci burodinsa gaya. Kaskon da suke soya ƙwai da shi, da albasa da attarugun da ke gabansu, su ne dai kayan aikin wannan girki. Da mai shayi zai yi yarjejeniya da wata mai awara a unguwarsu ta riƙa kawo masa ɗanya da asuba, da ya samu abin sayar wa mai ƙaramin ƙarfi, ita kuma ta samu ciniki tabbatacce a dunƙule ba tare da ta kashe mai ba. A nan ne abin ya fi taɓa ni a matsayina na malama, domin yawancin awarar garin nan ƴan mata ƙanana ne ke yawon tallarta, wasu a lokacin da ya kamata suna aji, wasu har bayan isha'i a wuraren da bai dace a ga yarinya ba. Uwar da ta sayar da rabin awararta a wuri ɗaya tun da safe ba ta da dalilin ɗora wa ƴarta tire ta hana ta karatu.

Kira na biyu ga masana harkar noma ne. Mafi yawan waken suyar da matanmu ke saye daga Najeriya yake shigowa, ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, kuma mun ga abin da ke faruwa da duk kayan da ke bin wannan hanya a lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da kuma lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023. Muna da cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna, muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a cikin gari, kuma kudancin jihar nan, wajen Madarunfa da Gabi, ya fi arewacinta samun ruwan sama. Ina roƙon su gwada irin waken suya mai saurin nuna a waɗannan wurare, su gaya wa manoma gaskiyar abin da suka gani, ko ya yi ko bai yi ba. Shuka ce da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar wake da gyaɗa, kuma dusar da ke saura bayan an tace madarar abinci ce mai kyau ga awaki da tumakin da mata ke kiwo a gida.

Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka ya zauna da matan da ke wannan sana'a a Bagalam da Mokoyo da Zariya da sauran unguwanni, ya ji daga bakinsu nawa suke sayen tiyar wake, nawa suke biya a injin markaɗe, nawa itace da mai suke ci, da abin da ke rage musu bayan sun tashi tun kafin kiran assalatu. Idan aka buga wannan lissafi, masu shayi da shugabannin makarantu da ƙungiyoyin mata za su samu abin da za su gina shawara a kai, kuma zan yi farin cikin karanta ra'ayin likitoci da masana abinci na garin nan a kan abin da na rubuta.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka. Wassalam.

Daga wata malamar makarantar firamare,
Unguwar Zariya, Maradi.